Tururuwa mai gashi: rina ce marar fiffike, kuma ba ta kashe saniya



Wata safiya ina bakin wata rijiya a yankin Dakoro, sai wani yaro da ke tsaron awaki ya tsala ihu yana riƙe da ƙafa. Kowa ya ce kunama ce. Da muka duba, sai ga wata ƴar halitta ja da baƙi tana sauri a kan rairayi. Mahaifinsa ya ce irinta ce ta kashe masa maraƙi bara. Wannan magana ce ta sa na rubuta darasin yau.

Yadda za ku gane ta

Kamarta ɗaya da babbar tururuwa, amma dangin rina ce. Jikinta na da gashi mai laushi kamar karammiski. Yawancin na ƙasashenmu gabansu ja ne, bayansu baƙi da ɗigon fari. Ita kaɗai take yawo, ba ta bin layi kamar tururuwa, ba ta da shuri. Fatarta na da tauri ƙwarai, kuma in an danne ta da kara takan yi ɗan ƙara siriri. Macen ce marar fiffike, ita ce mai harbi. Namijin na da fiffike, yana tashi, amma ba ya da ƙari.

Kada ku haɗa ta da jan ƙwaron nan mai taushi da ke fitowa bayan ruwan farko. Shi ƙafafunsa takwas, ba ya harbi. Ita ƙafafunta shida.

Inda take zama

Irinta sun fi 7,000 a duniya, kuma sun fi son busasshiyar ƙasa mai rairayi: jigawa, gefen burtali, bakin gona, da fili mai ƙarancin ciyawa. Macen na neman ramukan da wasu rina da ƙananan ƙudajen zuma ke haƙawa a ƙasa, ta shiga ta saka ƙwanta. In ya ƙyanƙyashe, tsutsarta ta cinye ta mai ramin. Duk inda kuka ga ƙananan ramuka da yawa a rairayi, ku sa ido, musamman da hantsi da la'asar. A kudancin Afirka ma akwai irinta da ke cin ƴaƴan ƙudan tsando, mai kawo sammore.

In ta yi harbi

Zafin na da tsanani, amma dafin ba shi da ƙarfi. A Amurka ana ce wa wani irinta "mai kashe saniya", sai dai don zafin harbin ne kawai. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga. In fuska ko leɓe sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya likita nan take. A hana yara kama ta da hannu, a riƙa sa takalmi, a kakkaɓe tabarma kafin a zauna.

Batun maraƙin fa? Da na tambayi mutumin, ya ce cinyarsa ce ta kumbura, ya yi ɗingishi, kwana ɗaya ya mutu. Wannan ya fi kama da harbin daji, cutar da ke da allurar rigakafi. Don haka in bisa ta faɗi farat ɗaya, kada ku ɗora wa ƙwaro laifi. Kada a feɗe, kada a ci naman, domin yana iya zama ciwon saifa mai kama mutum. Ku kira ma'aikacin kiwo mafi kusa, ku kuma kai sauran garken rigakafi kafin damina.

Yaron kuwa, kafin azahar ya koma wurin awakinsa. Allah ya tsare mana bisashenmu.