Amsoshin Tambayoyinku: Mujallar Journal of Bacteriology

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko yana tambaya: me wannan mujalla take bugawa, kuma wane tasiri ta yi?

To malam, mujalla ce mai dogon tarihi, domin tun 1916 ƙungiyar masana ƙananan halittu ta Amurka ke fitar da ita. Bakteriya ta sa a gaba: cinsu, hayayyafarsu da ƙwayoyin gadonsu.

A 1969 ta buga binciken Thomas Brock da Hudson Freeze kan wata bakteriya da ke rayuwa a marmaron ruwan zafi na Yellowstone da ke Amurka, ruwan da ko yatsa mutum ya tsoma sai ya ƙone. Daga jikinta aka samo sinadarin da zafi ba ya lalatawa, wanda ake gwajin PCR da shi, har da gwajin korona.