Ɗana, Idan Ka Sauka a Ikko

Ɗana, tun da ka ƙudura niyyar tafiya Ikko neman halal, Allah Ya sa ka tafi a sa'a. Ba kai ne farau ba. Tun kafin a haifi kakanka fatake ke gangarawa Kurmi da kanwa da fata da shanu, su hauro da goro. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 sai zirga-zirga ta ƙaru, zangon Hausawa na Agege ya bunƙasa a kan cinikin goro. Yau da wuya ka ratsa wata unguwa a garin ba ka ji ana Hausa ba. Ga 'yan gwari a Mile 12, ga mahauta a Oko-Oba, ga jama'armu a Idi-Araba da Obalende da Apapa. Don haka ba na tsoron ka rasa wanda zai ba ka ruwa ranar da ka sauka. Abin da nake jiye maka daban ne.

Abin da ya fi cutar da samarinmu a can shi ne zaman "gobe zan tafi". Yaro zai sauka da niyyar ci-rani, wai wata huɗu zai yi ya koma kafin shuka. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shekara goma ta shuɗe, yana nan yana kwana a kan benci bakin shagon wani, kayansa ƙulle a buhu. Bai san sunan titin da yake kwana ba, ba ya jin ko gaisuwa da Yarabanci, kuma babu mutum guda a unguwar da zai ce "na san shi" in wani abu ya taso. Garin bai zama nasa ba, gida kuma an saba da rashinsa. Ni shawarata ita ce, ko wata uku za ka yi, ka zauna zaman mai gari. Ka sami wurin kwana da aka san ka da shi, da hanyar da ka laƙanta, da mutanen da za su shaide ka.

Fara da masauki. Kada ka hau mota sai ka san wurin wa za ka sauka, kun yi magana da shi baki da baki, ya kuma amsa. Tun zamanin fatauci haka tsarin yake: baƙo yana sauka a hannun maigida, shi ke ba shi makwanci, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya tsaya masa in an yi rigima. Tsarin nan bai mutu ba. Kowace babbar unguwa ta 'yan Arewa tana da Sarkin Hausawa, kowace kasuwa tana da shugabanninta, 'yan dako da 'yan gwari da masu shayi duk suna da ƙungiya. Ka sa maigidanka ya kai ka ka gaishe su a makon farko, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku. Ranar da aka yi kame, ko aka yi maka ƙazafi, wannan gaisuwar ce za ta fitar da kai. A gidan da ka sauka kuwa kada ka zama kaya. Ɗebo ruwa, share ƙofa, in ka samu ka sa hannu a kuɗin cefane tun ba a tambaye ka ba. Ɗakin Ikko ƙarami ne, wanda ya matsa ya ba ka gefe ya yi maka babban alheri.

In Allah Ya hore maka kama ɗakin kanka, ka buɗe ido. Kuɗin haya a can na shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga kuɗin yarjejeniya. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga hannun sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, kuma ta wajabta masa ba da rasit. Kada ka ba kowa ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido, ka tafi da shaida. Ana samun masu karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki guda su ɓace. Ka dubi bangon gidan daga ƙasa, in akwai shatin ruwa to gidan yana cin ambaliya. Ka tambayi maƙwabta ina ake samun ruwa, yaya ake raba kuɗin wuta, wane ne ke kwashe shara. Ɗaki mai araha da zai sa ka hau mota uku kafin ka isa wurin aiki ya fi mai tsada cin kuɗi.

Sai takardu. Ka riƙe lambar NIN ɗinka, ka ajiye hoton katin a waya, ka bar kwafi wurin maigidanka. Jihar tana da hukumar rajistar mazauna, LASRRA, mai ba da katin zama. Ka je ka yi. Mutumin da ya fito da kati mai adireshi a gaban jami'in tsaro ba ɗaya yake da wanda aka tambaya ina yake zaune ya yi shiru ba. Ka haddace 112 da 767, lambobin neman ɗaukin gaggawa ne a jihar.

Hanya ita ce jarrabawar farko ta kowane baƙo. Ikko gari ne da ruwa ya rarraba, gadoji ke haɗa shi, kuma jama'a kan kwarara zuwa tsibiri da safe su juyo da yamma. Doguwar gadar nan ta uku da aka gama a 1990 ta kusa kilomita 12, kuma a lokacin cunkoso tafiyar rabin awa kan zama ta awa biyu ko uku. Shi ya sa mutanen garin ke fita da asuba. Kai ma ka mai da sallar Asuba ta zama farkon yininka, kada ka koma barci. Ka koyi hanya guda ka laƙance ta, daga makwancinka zuwa wurin aikinka, da sunan kowace tasha, sannan ka ƙara wata. Motocin danfo masu launin ɗorawa kwandasta ke kiran inda za su, da sauri yake kira, in ba ka ji ba ka sake tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi kuɗin mota kafin ka hau, ka riƙe canji. Manyan bas na BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008, suna da layinsu daban a kan titi, da katin Cowry ake biya. Da katin nan ake hawa jiragen ƙasa na cikin gari, wanda ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, da wanda ke bi ta Agege tsakanin Agbado da Oyingbo tun 2024. Da dare ka hau mota a tasha, ka guji wadda ta tsaya maka a gefen titi tana neman mutum ɗaya ta cika, don ɓarayi kan yi shigar fasinja. Inda aka yi gadar masu tafiya a ƙasa ka hau ta, ana kama masu tsallaka babban titi.

In acaɓa ka yi niyya, ka sani gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida tun watan Yuni na 2022, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Kada ka sayar da gonar gado ka sayi abin da za a ƙwace maka cikin mako guda. Ka tambayi waɗanda suka riga ka wace sana'a ce ke tafiya yanzu, ka yarda ka fara da yaron shago ko dako, har ka gane kan kasuwa.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi so ka riƙe, wato zama da mutanen gari. Bayarabe mutum ne mai son gaisuwa da girmama na gaba, kusan ya fi mu. Yana da gaisuwar safe da ta rana da ta yamma, da ta wanda ke aiki, da ta wanda ke zaune. Ka koyi waɗannan kafin komai. Tsohuwar da ke sayar da barkono a bakin layinku, in ka rusuna ka gaishe ta da harshenta kullum, cikin wata guda za ta fara kiranka ɗanta, kuma ita ce za ta fara buɗe baki ranar da wani ya zo neman ka da sharri. Ka koyi Turancin buroka, shi ne harshen mota da kasuwa. Kada ka ji kunyar a yi maka dariya, wanda ya yi dariyar shi zai gyara maka. Za ka ji mutanen garin suna magana da ƙarfi kamar ana faɗa, yawanci ciniki ne kawai ko raha. Za a kira ka "aboki", wani da zuciya ɗaya, wani da raini. Kada ka tsaya tantancewa da hannu. Ka amsa wa na kirki, ka wuce na banza.

Gidajen haya na talakawa ɗakuna ne a jere suna fuskantar juna, banɗaki ɗaya, madafa ɗaya, ga Bayarabe ga Ibo ga mutumin Edo ga ka. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ranar da wankin banɗaki ya zo kanka ka wanke shi fes, kuɗin wuta ka biya a kan lokaci, in an kira taron 'yan haya ka je. Kada ka zubar da ruwan alwala a ƙofar wani. In maƙwabcinka Kirista ya yi haihuwa ka yi masa barka, in an yi masa rasuwa ka yi masa ta'aziyya, ranar Layya ka aika masa da nama. Addininmu bai ware maƙwabci da ƙabila ba. Kuma kada ka ɗauka kai ka kawo Musulunci garin. Masallacin Shitta-Bey yana tsaye tun 1894, ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Ikko aka kafa ta a 1923, Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori kuwa tana Agege tana yaye malamai tun shekarun 1950. Ka bi limamin unguwarku sallah ko da Bayarabe ne, sahun masallaci shi ne wuri mafi sauƙi da baƙo ke samun 'yan'uwa.

An taɓa yin rikici tsakanin mutanenmu da 'yan gari, kamar na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, an rasa rayuka da dukiya. Irin wannan wuta daga ƙaramar gardama take tashi, sai jita-jita ta hura ta. In ka ga taro ya fara zafi ka bar wurin. In saƙo ya shigo wayarka cewa ana kashe 'yan Arewa a wuri kaza, kada ka tura wa kowa, ka kira shugabanninku ka ji gaskiya. In an cuce ka, kai ƙara wurin sarki ko shugaban kasuwa, su suka san yadda ake zama da sarakunan gari da 'yan sanda. Ramuwar da za ka yi da hannunka, wani bawan Allah mai tura baro ne zai biya ta.

Ka kula da jikinka. Zafin can mai gumi ne, damina kuma doguwa, ruwa yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sarara, ya dawo wajen Satumba. Sauro ba ya hutu, don haka gidan sauro yana cikin abin da za ka fara saya. In zazzaɓi ya kama ka je asibitin unguwa a gwada jininka, kada ka dogara da haɗin mai kemis. Ka lura da ruwan da kake sha. Tuwo da fura ba za su gagare ka a zango ba, amma ka saba da amala da wake da burodin Agege, cikin da ya saba da abincin gari ba ya wahala. Ƙwayar da abokan aiki za su miƙo maka wai don ƙarin ƙarfi, ita ce ta mai da jarumai da yawa abin tausayi a ƙarƙashin gada.

Kuɗin Ikko yana shigowa da sauri, yana fita da gudu. Ka buɗe asusun banki, kada ka riƙa kwana da jarinka a aljihu. Duk abin da ka samu ka raba shi uku, na ci, na gida, na ajiya, kuma na ajiyar kada ka taɓa shi don an yi maka waya ana biki. Ka faɗa wa mutanen gida gaskiyar abin da kake samu, kada ka ɗauki hoto jikin motar wani ka jawo wa kanka buƙatun da ba za ka iya ba. In za ka shiga adashi, ka shiga na mutanen da aka san shagonsu. Shagon cacar ƙwallo kuwa ko inuwarsa kada ka tsaya.

Ke kuma 'yata, da aure zai kai ki can, nasihar nan har da ke. Kada ki kulle kanki a ɗaki kina ƙirga kwanakin zuwa ganin gida. Ki san matan gidanku, ki san hanyar kasuwa da ta asibitin awo, ki shiga Islamiyya, ki riƙe wata sana'a ko ta ɗinki ce ko ta abinci. Yaranki su yi makaranta, su ji Yarabanci da Turanci a waje, ke kuma ki riƙa yi musu Hausa a ɗaki.

Duk wannan ba ya nufin ka manta da inda ka fito. Ka sa ranar da kake kiran mahaifiyarka kowane mako, ka je gida ko sau ɗaya a shekara, kuri'arka da gonarka da zumuncinka kada su mutu. Wanda ya zauna da gindinsa a Ikko shi ke iya tara abin da zai koma da shi, shi ne kuma ke iya sauke ƙaninsa gobe.

Watannin farko za su yi maka nauyi, za ka yi kewa, wata rana har ka ji kamar ka hau tirela ka juyo. Ka yi haƙuri ka ba garin lokaci. Ka tsare sallarka, ka tsare amanar wanda ya sauke ka, ka bar suna mai kyau a unguwar da ka zauna, domin da halinka za a auna duk ɗan Arewan da zai zo bayanka. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da abin da aka je nema.