DARASI: Kada Mu Taimaki Shaiɗan A Kan Ɗan'uwanmu Mai Shaye-shaye

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (SAW), da alayensa da sahabbansa.



Kwanakin baya bayan sallar Asuba wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, yaron nan na yi nasiha, na yi duka, na kore shi daga gida har sau biyu. Yanzu so nake ka nuna mini inda zan kai shi a ɗaure." Na tambaye shi me yaron yake sha. Ya ce wallahi bai sani ba, shi dai ƙwaya ce. To a nan matsalarmu ta fara. Muna yaƙi da abin da ba mu san kamanninsa ba.

Abin da likitoci ke kira abubuwa masu taɓa ƙwaƙwalwa suna da yawa, kuma ba duka ne haramun ba. Goron da kakanninmu ke ci da shayin da muke sha suna wartsakar da mutum, su ma taɓa ƙwaƙwalwa suke yi. Allurar da ake yi wa wanda aka yi wa tiyata don kashe zafi ita ma haka. Saboda haka sai a rarrabe mataki uku. Akwai wanda likita ya rubuta masa magani ya sha yadda aka ce. Akwai wanda ya ɗauki wannan maganin ya sha don ya bugu, ko don ya yi aikin ƙarfi bai gaji ba, wannan ya shiga haramun, babu ja-in-ja. Sannan akwai wanda abin ya riga ya kama jikinsa, yana son ya bari amma jikin ya ƙi. Na ukun nan mai laifi ne, kuma marar lafiya ne a lokaci guda. Mu kuwa laifin kaɗai muke gani.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Ku dubi wannan na ƙarshe da kyau. Matan aure da 'yanmata na ciki, a ɗakunanmu, ba a bakin tasha kaɗai ba.

Me ya sa barin yake da wuya? Kodin da tiramol dangin hodar iblis ta heroyin ne ta fuskar yadda suke aiki a jiki. Kodin ma idan ya shiga, hanta tana mayar da wani sashe nasa mofin. Idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ƙwaya ɗaya ta daina yi masa komai, sai biyu, sai biyar. Tiramol da aka amince a sayar a kemis mai miligiram 50 ne da 100, amma na hannun 'yan talla har mai 225 akwai, shi ya sa kake ganin yaro ya faɗi yana farfaɗiya alhali babu mai farfaɗiya a danginsu. Ranar da bai samu ba kuwa, ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga gudawa, ga rashin barci. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Masu shan Valium da rochi ma nasu ya fi haɗari, domin yanke su rana ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya jawo jijjiga har ta kai ga rasa rai. Wannan sai likita ya riƙa ragewa a hankali.

A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Mataki ne mai kyau, mun yaba. Amma wanda ya riga ya kamu bai warke da sanarwar gwamnati ba. Kwalba ta yi tsada, wasu suka koma wani abin daban.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da masana lafiya ke kira rage cutarwa. Ma'anarsa, wanda bai iya bari yau ba, a yi ƙoƙari kada ya mutu, kada ya kwashi ƙanjamau ko ciwon hanta, kada ya cutar da wani, har Allah Ya kawo ranar da zai bari. Na san wasu daga cikin masu karatu za su ce, Malam, ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma ɗalibin Usulul Fiƙhi ya san ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu idan babu makawa sai ɗaya ta auku. Ibnul Ƙayyim ya kawo a cikin I'ilamul Muwaƙƙi'in cewa malaminsa Ibnu Taimiyya ya wuce wasu sojojin Tatar suna shan giya, wani abokin tafiyarsa ya so ya hana su, sai Shehin ya dakatar da shi, saboda giyar ta shagaltar da su daga kashe mutane da ƙwace dukiya. Ibnu Taimiyya bai halatta giya ba. Ya auna ɓarna biyu ne.

Ita kanta giyar ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. Duba Baƙara aya ta 219, sannan Nisa'i aya ta 43, sannan hukuncin ƙarshe a Ma'ida aya ta 90 da 91. Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba. A kula, hukunci ya riga ya tabbata, babu mai cewa yau a sha kaɗan. Abin da muke ɗauka shi ne hikimar yadda ake raba rai da abin da ya saba da shi. Kuma a cikin Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana a taimaki Shaiɗan a kan wanda aka yi wa haddin. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Ƙasashen Musulmi sun riga mu gwada wannan. Iran ta daɗe tana ba masu jarabar heroyin maganin methadone a ƙarƙashin kulawar likita. Malesiya ta fara a 2005, har ta kai ana bayar da shi a masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur tare da likitocin Jami'ar Malaya: mutum ya zo ya karɓi maganinsa, ya yi salla, ya zauna karatu. Ni ban ce a kwafo komai ido rufe ba, musamman batun raba sirinji ga masu allura, wanda malamai suka yi saɓani a kansa kuma yana buƙatar zaman malamai da likitoci tare. Amma mu da muka ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutane kusan 300 wasu da mari a ƙafa, ba mu da bakin cewa hanyarmu ta ɗauri ta fi.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaron da aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. Idan ya fito ya sha irin na da, a nan ake mutuwa. Kwanakin farko bayan fitowa daga gidan yari ko gidan gyaran hali su ne mafi haɗari, a lokacin ya fi buƙatar a sa masa ido. Haka haɗa kodin ko tiramol da Valium ko giya, numfashi suke dannewa. Idan kuka tarar da mutum ya sheme, numfashinsa sama-sama, leɓɓansa sun canza launi, kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloxone da ke farfaɗo da wanda dangin kodin suka danne wa numfashi, amma sai likita ya san me yake nema. Kunyar "kada a ji" ta sa an yi jana'izar yara da yawa.

Dattijon nan na ce masa ya fara sanin me yaron ke sha, ya daina korarsa, domin duk daren da ya kwana a waje dila ne ke tarbarsa. Na ce su je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, akwai na Maiduguri, kuma hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Ya ce, "Malam, asibitin mahaukata?" Na ce, Baba, a yanzu ma ai unguwa ta riga ta ba shi wannan sunan, gara a je inda za a yi magani. Na kuma roƙe shi idan yaron ya zo masallaci cikin hayyacinsa, kada kowa ya matsa daga kusa da shi a sahu.

A darasi na gaba insha Allahu za mu duba hukuncin mai kemis da ke sayar da waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba. Wallahu a'alam.