HAKKIN INUWA DA HAKKIN FUSKA: LADUBBAN ƊAUKAR HOTON AURE A WURAREN JAMA'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa domin bayinsa baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada wadda ta yaɗu a ƙasar Hausa, watau fitar ango da amarya da ƙawaye da abokai zuwa wuraren shaƙatawar jama'a domin ɗaukar hoto. A da, mai hoto yana da shagonsa da labulensa, wanda ya so ya tafi can, ko kuwa a kira shi zaure. Amma tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, sa'an nan aka sami mai kyamara a jikinta, kana dandali irin su Facebook da Instagram da TikTok suka biyo baya, sai hoton aure ya bar ɗaki ya fito fili. A Kano akwai wurare kamar Gidan Zoo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. A Sakkwato akwai filin Shehu Kangiwa. A garuruwa kuwa irin su Dogon Daji, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da sauran ƙasar Tambuwal da Kebbe, filin idi da filin makaranta da inuwar dogon yaro da bakin fadama su ne lambun jama'a.

Abin da ya kan faru sananne ne. Dattijo yana zaune a inuwa da carbinsa, ko mata sun tsaya hutawa da kayansu, sai ga ayarin biki ya iso da anko da mai hoto. Sai a ji yaro ya ce, "Baba, ɗan matsa can, kana shiga hoto." Wani ya matsa da ɓacin rai, wani ya ƙi, daga nan sai cacar baki. To, wa ya ke da gaskiya a shari'a?

Hukuncin hoton kansa

Ba za a tsawaita a nan ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Waɗansu sun hana shi sai da larura, kamar hoton fasfo. Waɗansu kuma sun halatta, cikinsu har da Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, wanda ya bayyana cewa aikin kyamara tsare inuwar abu ne kurum, ba sassaƙa ba. A mazhabar Malikiyya, surar da aka haɗu a kan haramcinta ita ce ta mai rai wadda ke da jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi. Amma mai karatu ya lura: ko wanda ya ɗauki fatawar halacci, bai sami izinin cutar da kowa da ita ba. Halaccin wuƙa bai halatta yankan akuyar maƙwabci ba.

Wurin jama'a na wane ne?

Shari'a ta san wani irin wuri wanda kowa ke da ikon amfani da shi, amma babu mai ikon mallakarsa: hanya, da kasuwa, da harabar masallaci, da mashaya, da makiyaya. Kalmar hurumi da Hausawa ke faɗi, daga Larabci ta fito, watau kewayen gari ko rijiya wanda aka keɓe domin amfanin kowa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, ya yi bayanin irin wannan ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi. Kafin shi, Alƙali Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 450 ta Hijira, daidai da 1058, ya yi magana a Ahkamus Sulɗaniyya a kan zaman mutane a hanyoyi da filaye, da ikon da shugaba ya ke da shi wajen tsara su da raba gardamarsu.

Ƙa'idar da ke tafiyar da irin wannan wuri ita ce rigaye. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa an nemi a gina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani gini a Mina domin ya sami inuwa, sai ya ƙi, ya nuna cewa Mina masaukin wanda ya riga zuwa ne. In har Shugaban halitta bai keɓe wa kansa wuri a filin jama'a ba, ina ga ango, kome tsadar rigarsa?

Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya hana a tashi mutum daga mazauninsa domin wani ya zauna, sai dai a yalwata wa juna. Saboda tsananin kiyaye wannan, Ibnu Umar ba ya yarda ya zauna a wurin da wani ya tashi ya bar masa. Har ila yau Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga wurinsa sa'an nan ya komo, shi ya fi cancanta da shi. Daga nan za a gane cewa dattijon da ke inuwa shi ne mai hakki, mai hoto kuwa mai roƙo ne. Mai roƙo ba ya ba da umurni.

Kuɗin ƙofa ma ba ya canja wannan hukunci. Wanda ya biya ya shiga lambu, ya sayi izinin shiga ne kamar yadda kowa ya saya, bai sayi lambun ba. Sai fa in hukumar wurin ce da kanta ta ba shi hayar wani sashe na wani lokaci sananne, to, a nan sharaɗi ya zama abin bi.

Abin da ya wajaba a kan mai hoto

Ɗaukar hoto sana'a ce, neman halal kuwa ibada ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Tanbihus Sahib a kan hukuncin sana'o'i da falalar cin guminka. Amma kowace sana'a tana da iyakokinta.

Na farko, ya fara da sallama da roƙo, ya kira babba da sunan girma, ya faɗi ɗan lokacin da ya ke bukata. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In an ba shi, ya gode ya gaggauta. In an hana shi, ya nemi wani gefe ba tare da gunaguni ba.

Na biyu, kada ya tare hanya da motoci ko fitilu ko wayoyin lantarki. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya zo a hadisi. Ajiye shi kuwa kishiyar haka ne. Mai jaki da ke ɗauke da kaya zuwa kasuwa, ko mai babur da ya ɗauko maras lafiya, ba za a tsai da shi domin amarya ta gyara mayafi ba.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne hakkin fuska. Inuwar da aka ƙwace wa mutum za ta komo masa bayan awa guda. Fuskarsa da aka ɗauka kuwa ba ta komowa. Matar aure ta fito ɗiban ruwa, ko budurwa tana wucewa mayafinta ya zame, kyamara ta kama su a bayan ango, kafin magariba hoton ya kai Legas da Yamai, waɗanda ba su san ta ba suna tofa albarkacin bakinsu. Irin wannan yana iya jawo zargi tsakanin miji da mata, yana iya ɓata wa yarinya neman aure, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce; hoton da ya shiga intanet ya fi ta wuyar mayarwa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga manyan ginshiƙan fiƙihu. Saboda haka wajibi ne mai hoto ya dubi bayan wanda ya ke ɗauka kafin ya danna, ya kuma goge duk wanda ya faɗa ciki ba da yardarsa ba. 'Ya'yan mutane ma haka, sai da izinin iyayensu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 37, shi ma ya tabbatar wa ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa.

Na huɗu, batun ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da a ke tayarwa sama yana ɗaukar hoto. Gidan Bahaushe katanga ce a kewaye, sama kuwa a buɗe. A tsakar gida mata ke daka da wanki da shayar da goyo, sun saki jiki domin sun amince da katangarsu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi ta wata kafa, Annabi ya yi masa kashedi mai tsanani, ya bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Malaman Malikiyya sun yi hukunci a toshe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. Magini ma, a al'adar ƙasar nan, ba ya hawa soro sai an sanar da maƙwabta su kintsa. To, idon da ya tashi sama ya ga gida ashirin a lokaci guda, ya fi taga da magini bukatar wannan ladabi. Ko dai a tayar da shi nesa da gidaje, ko a bar shi cikin jaka.

Na biyar, a bar wuri da tsabta. Muslim ya ruwaito gargaɗi a kan abubuwa biyu masu jawo wa mutum la'ana, watau yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu. Illar hanin ita ce ɓata wa jama'a wurin da su ke amfana da shi. Wanda ya watsar da ledoji da robobi da ragowar abinci a gindin itace, ko ya karya reshe domin ya ƙawata hoto, ya ɗebi rabonsa daga wannan illa.

Abin da ya wajaba a kan ango da amarya

Bayyana aure sunna ce, farin ciki da shi kuma ba laifi ba ne. Amma a rarrabe tsakanin hoton bayan ɗaurin aure da abin da a ke kira hotunan kafin aure. Baiko da kai kaya ba su mai da yarinya matar mutum ba. Muddin waliyyi bai ba da ita ba, a gaban shaidu, da sadaki da siga, to, ita baƙuwa ce a gare shi, riƙe hannu da jingina da keɓewa duk haramun ne. Abin da shari'a ta sauƙaƙa wa mai neman aure shi ne duban fuska da tafin hannu. Ba kowane baiko ke kaiwa ga aure ba. In an fasa, hoton yana nan a wayoyin mutane, nauyinsa kuwa a kan yarinya ya fi sauka. Iyaye su ne ya kamata su fara tuna wannan.

Ko bayan an ɗaura, abin da ya halatta a ɗaki ba duka ne ya dace da fili ba. Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ta umurci maza da mata su runtse ido, ta kuma umurci mata su suturce adonsu. In an kira salla, a ajiye kyamara. In masallaci ko makarantar allo ko gidan makoki na kusa, a kashe lasifika. Maƙabarta da hubbaren bayin Allah kuwa wuraren wa'aztuwa ne, ba na ado ba.

Abin da ya wajaba a kan sauran jama'a

Kada mai hakki ya ɗauka cewa darasin ya ƙare a kan waninsa. Allah Ta'ala, a Suratul Mujadala aya ta 11, ya umurci muminai su yalwata wa juna a majalisa, ya yi musu alkawarin yalwatawa daga gare shi. Wanda aka roƙa da ladabi ya ɗan gusa na minti biyar, ya gusa, ya sami lada, ya kuma yi wa ma'auratan addu'ar albarka. Tsayawa da gangan a gaban kyamara domin a ƙuntata musu mugun hali ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa da sahabbai suka ce ba su da makawa daga zaman bakin hanya, Annabi ya ɗora musu hakkoki biyar: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da horo da alheri, da hani ga mummuna. Saboda haka samarin da ke kewaye amarya suna ƙura mata ido, ko suna zaro wayoyinsu suna ɗaukarta a ɓoye, sun faɗa cikin laifin da a ke tsawatar wa mai hoto a kansa. Fitowarta fili ba ta halatta musu ita ba. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu.

Wanda ya ga abin ƙi kuma, ya yi nasiha da taushin harshe, ya ja babban cikinsu gefe. Ƙwace kyamara da fasa ta da tara wa mutane jama'a ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne. Abin da ya fi ƙarfin nasiha sai a kai shi ga mai unguwa ko hakimi ko hukumar wurin. Su kuma shugabanni, da za su keɓe gefe da lokaci domin masu hoto, nesa da lokutan salla da ranakun cunkoso kamar na Salla, da rigimar ta ragu ƙwarai.

A taƙaice, mai zaune yana da hakkin inuwarsa, mai wucewa yana da hakkin hanyarsa da fuskarsa, ma'aurata suna da hakkin a yi musu sauƙi da fatan alheri. Aure ana neman albarka ne a cikinsa, bai kamata ranar farkonsa ta zama ranar da wani bawan Allah ya koma gida yana ƙunci saboda shi ba.

Allah ya sanya albarka a aurarrakin Musulmi, ya suturta al'aurarsu, ya datar da su ga bin sunna a fili da ɓoye. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.