Ƙwaya Biyu a Kan Koren Teburi

Ɗana, Mahaifiyarka ta gaya mini wurin aikinku zai tura ka baje kolin kayan fasaha da ake yi a Las Vegas kowane Janairu. Na yi murna, Allah ya sa albarka. Ita kam hankalinta bai kwanta ba, don abin da ta sani game da garin shi ne caca, kuma ba ta yi kuskure ba. Tun 1931 jihar Nevada ta halatta caca a dokarta, garin kuma a kanta ya tashi. Daga filin jirgi za ka fara cin karo da injinan caca, manyan otal-otal ɗin kuma an gina su yadda sau da yawa sai ka ratsa zauren caca kafin ka kai ga hanyar ɗakinka.

Ta ce in yi maka faɗa. Na ce faɗan me zan yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani, ya san abin da Suratul Ma'ida ta ce a kan giya da caca? Hukunci ka san shi. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda abin yake ɗaukar ido. Ni lissafi na koyar har na yi ritaya, shi na iya, don haka zan buɗe maka cikin wasa ɗaya tak, wanda ya fi kowanne hayaniya a zauren, ka ga abin da ke ƙarƙashin ihun.

Sunansa kirafs. In ka ji wani lungu ya kaure da sowa kamar an ci ƙwallo, to can ne. Teburin dogo ne mai zurfi kamar kwami, an shimfiɗa masa koren ƙyalle mai zane-zane, mutane sun kewaye shi a tsaye. Ma'aikata huɗu ne a kansa: ɗaya yana zaune a tsakiya yana gadin kuɗin gida, biyu suna biya suna kwashewa, na huɗu yana riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa yana tura ƙwayoyi, shi ne kuma sanƙiran teburin. Ƙwayoyin irin na lido ne, masu fuska shida, sai dai waɗannan ana ganin cikinsu garau, gefunansu da kaifi, kowace da lambar shaida don kada wani ya musanya. Asalin wasan wata tsohuwar cacar Ingila ce da ta sauya kama a New Orleans, sojojin Amurka kuma suka yaɗa ta a Yaƙin Duniya na Biyu, suna jifa a kan bargo.

Mai sanda zai tura wa mai jifa ƙwaya biyar ya zaɓi biyu. Kafin ya jefa, yawancin mutane suna kasa kuɗinsu a kan dogon layin da ya bi bakin teburin, layin masu goyon bayan mai jifa. In jifan farko ya ba da 7 ko 11, sun ci, ana ba kowa daidai abin da ya kasa. In ya ba da 2, 3 ko 12, an cinye su. In kuwa wata lamba ce, wato 4, 5, 6, 8, 9 ko 10, sai a juya wani ɗan faifai zuwa farin gefensa a ɗora a kanta. Ni turke nake kiran wannan lamba, don wasan a nan yake ɗaure. Mai jifa zai ci gaba da jifa har ɗaya cikin biyu ta faru: turken ya sake fitowa, masu goyon baya su ci, ko 7 ta riga shi fitowa, a share teburin, ƙwayoyi su koma hannun na kusa da shi. Ka lura, 7 ɗin da ta zama abokiya a jifan farko ita ce ke zama mai yankan ƙauna daga baya.

Yanzu ɗauko takarda, kamar yadda muke yi a zaure lokacin kana aji uku. Ƙwaya biyu, kowace fuska shida, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. A cikinsu 6 suna ba da 7. Lamba 6 da 8 kowace tana da hanya 5; 5 da 9 hanya 4; 4 da 10 hanya 3; 3 da 11 hanya 2; 2 da 12 kuwa hanya ɗaya ɗaya. Duk wasan a cikin wannan jerin yake. Da zarar an kafa turke, 7 ta fi shi yawan hanyoyi ko wace lamba ce. In 4 ce, hanya 3 ke karawa da 6. In aka haɗa komai, a cikin zagaye 495 masu goyon baya za su ci 244, a cinye su 251. Bambancin 7 ne kacal, wato kusan kashi 1.4 cikin 100. Akwai kuma layin masu adawa, masu jiran 7 ta kayar da mai jifa. Nasu ya ɗan fi sauƙi, kashi 1.36, amma su ma gida ne ke da rinjaye a kansu, don ya keɓe 12: in ta fito a jifan farko ba a biya su, kuɗinsu kawai ya tsira.

Za ka ce ai Baffa wannan la'ada ba ta taka kara ta karya ba. Haka ne, kuma a nan dabarar take. Gidan caca ba ya bukatar maguɗi. Ƙwayoyinsa na gaskiya ne, hukuma na sa ido a kansu. Abin da yake bukata shi ne ka daɗe a tsaye. Dala 10 a kan layi, la'adarta kusan santi 14 ce kacal; amma kuɗin da ka ci shi za ka sake kasawa, a sake gutsura, ka sake kasawa, kamar gishirin da ake ta tsomawa a ruwa ana cirewa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin teburin. Akwai kasawa ɗaya da gida ba ya cin komai a kanta: bayan an kafa turke, mutum yana iya ƙara kuɗi a bayan na farko, a biya shi daidai da lissafi, 2 a kan 1 in turken 4 ne ko 10, 3 a kan 2 in 5 ne ko 9, 6 a kan 5 in 6 ne ko 8. To duba koren ƙyallen nan daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka zana mata gurbi ba. Sai wanda ya sani. Kuma ba a yarda ka yi ta ba sai ka riga ka sa kuɗi inda ake cin la'ada, sannan an iyakance yawanta. Tsakiyar teburin kuwa, inda aka ƙawata da hotunan ƙwayoyi, inda mai sanda yake ta tallatawa da zaƙin baki, nan ne ramin. Ka kasa dala 1 cewa jifa mai zuwa 7 ne, in ka ci a ba ka 4. A jifa 36 za ka ci sau 6, ka sami 24, a cinye ka sau 30. Asarar 6 ke nan cikin 36, kusan kashi 17 cikin 100. Lamba 12 hanyarta ɗaya ce cikin 36, adalci shi ne a biya 35, amma 30 ake biya. Kayan da ɗan kasuwa ya fi ɗaga murya a kansu, ka san ba don amfanin mai saye ba ne.

Teburin yana da ladubbansa, kuma ka san su ko da wucewa kawai za ka yi, don kada ka ja wa kanka harara. Ba a miƙa wa ma'aikaci kuɗi hannu da hannu, a kan ƙyalle ake ajiyewa ya ɗauka ya ba da fayafayan roba madadinsu. Da hannu ɗaya ake riƙe ƙwayoyi, ba a fitar da su daga saman teburin, kuma sai an jefa sun bugi bangon can ƙarshe, wanda aka yi wa ƙuraje-ƙurajen roba don kada gwanin hannu ya sarrafa su. Da zarar mai sanda ya tura ƙwayoyi, kowa ya janye hannunsa. Abin sha ba ya hawa bakin teburi. Mai adawa in ya ci ba ya murna a fili, don sauran duk an cinye su. Ana ba ma'aikata tukwici. Babban abin ƙi kuwa shi ne ambaton bakwai bayan an kafa turke. Manyan mutane masu digiri za su yi maka kallon maye, wai ka kira ta. Mu da ake cewa mun cika camfi, sai ka je can ka ga mai kwat yana hura wa ƙwaya iska.

Za a ba ka labarin Patricia DeMauro, wata kaka da ta riƙe ƙwayoyi a Atlantic City a 2009, ta yi jifa 154 cikin awa 4 da minti 18 ba ta faɗi ba. Gaskiya ne ya faru. Abin da ba a faɗa shi ne matsakaicin mai jifa tsakanin jifa 8 da 9 yake yi a karɓe. Ƙwaya kuma ba ta da tunani. In 7 ta yi jifa 20 ba ta fito ba, damarta a na gaba tana nan 6 cikin 36, ba ƙari ba ragi.

Ban taɓa gaya wa mahaifinka wannan ba. Ina ɗalibi a Amurka, wani hutu muka bi abokan karatu zuwa wani gidan caca, wai kallo kawai. Duk lissafin nan na san shi a lokacin, har jarrabawa na ci a kansa. Wani dattijo kusa da ni ya matsa mini wuri, ya ce sabon hannu yana da sa'a. Na kasa dala 5 don kada in gwale shi. Na ci. Da an cinye ni a karon farko da na gode Allah na koma gefe, amma ci na yi, kuma mutanen da ban taɓa gani ba suna dafa kafaɗata suna kiran sunana a karkace. Wata bakwai ina cikin kaɗaici a ƙasar, ba wanda ya taɓa murna da ni haka. Ba kuɗin ne suka riƙe ni ba, wannan ɗumin ne. Da na fito gari ya waye, Asuba ta wuce ni, kuɗin hayar ɗakina na wata sun tafi. Sai da na yi mako uku ina wanke kwanuka a ɗakin cin abinci na makaranta bayan darasi kafin na cike gurbin, ina wankewa ina maimaita 244 da 251 a raina kamar mai tilawa.

Shi ya sa ba na jin tsoron kwaɗayi a kanka, na san tarbiyyarka. Daren da aka tashi daga taro nake tsoro, abokan aiki su ce mu ɗan leƙa, kai kuma ba ka so a ce baƙauye ne. In ka tsaya kallo, tsaya baya da taku biyu, hannu a aljihu, katin banki a ɗaki. Ƙidaya jifan a zuci ka ga ko wani zai wuce goma. Za a kawo wa masu wasa abin sha kyauta. Ka tambayi kanka wa ya biya. In aka matsa maka wuri, murmushi da girgiza kai sun isa, ba wanda zai riƙe ka da shi.

Akwai masallatai a garin, ka nemi mafi kusa da masaukinka tun kafin Juma'a. Ka kuma tafi da rigar sanyi mai kauri. Hamada ce, darenta a Janairu ya fi na hunturun Jos sanyi. In ka sauka ka kira mahaifiyarka kafin ka kira ni.

Baffanka.