DARASIN TSARKI: KARE A TSAKAR GIDA, HUKUNCINSA DA MAGANIN WARINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar wani ɗalibinmu bayan an tashi daga ajin Larabci. Gidan haya suke zaune, ɗakuna goma sha, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Mai gidan, wanda ba Musulmi ba ne, ya kawo kare saboda ɓarayi sun dame su. Yanzu tsakar gida tana wari, mahaifiyarsa ta daina shimfiɗa tabarmar sallah a ƙofar ɗaki, yayansa kuma yana cewa zai saka wa karen guba. Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi ko Aboabo ya san wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Abu biyu ne suka cuɗe a nan, najasa da wari, kuma sai mun raba su kafin mu iya maganinsu.

Mu fara da hukunci. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari ya yi umurni a wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sha a cikinta, ruwayar Muslim kuma ta ƙara cewa wankin farko da ƙasa. Kalmar da ta zo a ruwayar Muslim ita ce "walaga". A Larabci ma'anarta ya zura harshe cikin abu mai ruwa yana lasa, ba shinshina ba, ba giftawa ba. Ku riƙe wannan, domin da yawan wahalar da muke ɗora wa kanmu daga rashin sanin kalmar take.

Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun ɗauki kare najasa ce mai kauri, wanki 7 ɗaya da ƙasa. Hanafawa sun ce yawunsa najasa ne, wanki 3 ya isa. Amma mazhabar Imamu Malik, wadda iyayenmu suka karanta a Ishmawi da Risala kuma mafi yawan zongo ke kanta, ta ce duk mai rai tsarkakke ne, har guminsa da yawunsa, wankin nan 7 kuwa bauta ce da aka umurce mu, ba don ƙwaryar ta zama najasa ba. Hujjar Malik ita ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo, to da me ya kamo shi in ba da baki ba? Saboda haka wanda kare ya goge shi a lungu yana hanyar masallaci, a mazhabarmu ba sai ya koma gida ya canza riga ba. Wanda ya bi ɗayan ra'ayin shi ma yana da malamai a gabansa, ba abin faɗa ba ne a bakin masallaci.

Inda babu saɓani shi ne fitsarin kare da kashinsa. Waɗannan najasa ne a mazhabobi huɗun nan duka, kuma daga gare su mafi yawan warin yake fitowa.

Fitsari yana ɗauke da wani sinadari da ake kira yuriya. Idan ya kwana a ƙasa, ƙwayoyin da ido ba ya gani suna narka shi ya koma amoniya, ita ce zarnin nan mai hawa kai. Daɓen siminti kuwa yana da ƙananan ƙofofi, yana tsotse fitsarin ya ajiye. Shi ya sa da hunturu sai a ɗauka warin ya tafi, da zarar ruwan watan Yuni ya sauka, iska ta yi laima, sai ya dawo kamar jiya aka yi. Kuma hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba. Inda ya ji warin fitsarinsa nan zai koma ya sake yi. Wankin rabi da rabi gayyata ce.

To ga yadda za mu yi. A fara kwashe kashi da cebur ko kwali, ba da tsintsiyar da ake share ɗaki ba. Idan fitsarin ɗanye ne a zuba masa yashi ko toka ya shanye, a kwashe. Sannan a kwarara ruwa mai yawa ya gangara kwata, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya sa aka zuba guga guda a kan fitsarin balaraben ƙauyen nan a masallaci. Bayan haka a goge da omo da buroshi. Don zarnin da ya shige cikin siminti, a haɗa ruwan khal, wanda ake kira binega a kanti, da ruwa, kofi ɗaya na wannan kofi ɗaya na wancan, a jiƙa wurin kamar minti 10, a ɗauraye. Tsamin khal shi ke kashe kaifin amoniya. Idan wurin ya bushe a barbaɗa bekin soda ta kwana, da safe a share. A manyan kantuna ana sayar da wani ruwan wanki na musamman mai narka ragowar fitsarin dabba. Yana aiki ƙwarai a kan kafet da katifa, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne.

A nan akwai wata mas'ala da ɗalibai ke tuntuɓe a kanta. A mazhabar Malik ba abin da ke ɗauke hukuncin najasa sai ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Khal da ruwan omo suna kawar da wari, amma ba sa tsarkakewa. Don haka wankin ƙarshe ya zama da ruwan famfo zalla. Kuma idan an wanke iyakar ƙoƙari aka bar ɗan wari ko launi da ya ƙi fita, malamai sun ce an yi rangwame a kansa. Mahaifiyar ɗalibinmu tana iya mayar da tabarmarta. Busasshiyar ƙafa a kan busasshen daɓe ba ta ɗauko najasa.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada a zuba Parazone a kan ɗanyen fitsari, kada kuma a haɗa shi da khal. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji, musamman a lungu ko banɗaki marar taga. In za a yi amfani da shi, sai bayan an ɗauraye wurin sarai, a tsinka shi da ruwa, a hana yara da dabbar zuwa har ya bushe. Turaren wuta kuwa, muna ƙaunarsa, amma rufe wari yake yi. Turare a kan zarni duk mun san abin da yake haifarwa.

Sauran warin daga jikin karen ne da makwancinsa. Fatarsa tana da maiƙo da ƙwayoyin da ke rayuwa a kai, idan ruwa ya taɓa gashin sai warinsu ya tashi. Buhu ko tsumman da yake kwana a kai a wanke shi duk mako a shanya a rana, kwanon abincinsa kuma kullum, kuma kwanon ya zama nasa shi kaɗai, nesa da randa da butocin alwala. Wanka kamar sau ɗaya a wata ya isa, a bar shi ya bushe sosai. Idan an yi duk wannan bai daina ba, to a duba kunne da haƙori da fata: ciwon kunne, ƙazwa, ko wani wari kamar na ruɓaɓɓen kifi daga ƙarƙashin wutsiya, aikin likitan dabbobi ne. In an je can a tambayi allurar ciwon haukan kare, domin cutar idan alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Saura maganar guba. Wannan haramun ne, kuma a tsakar gida mai yara masu rarrafe ganganci ne da rai. Gaskiya ne hadisi ya hana ajiye kare sai don farauta ko kiwo ko gona, ya kuma ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake, don haka ba ma shigar da shi ɗakunanmu. Amma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, da katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ya karhanta hakan ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Kuma karen nan ba namu ba ne, nauyin ajiye shi yana kan mai shi.

Abin da muka ba ɗalibinmu shawara shi ne dattijon 'yan haya ya sami mai gidan cikin ladabi, ya nemi abu uku: a ware wa karen kusurwa nesa da famfo, a zuba masa yashi da za a riƙa canzawa, a sake shi da dare a mayar da shi kafin kiran Asuba, lokacin da mutane ke fitowa alwala. Su kuma matasan gidan su ɗauki wankin tsakar gida na ranar Asabar, mai gida ya sayi omo da khal.

Wallahu a'alamu.