Rage Ƙiba: Shayin Kasuwa ko Kwanon Gida?

A Didawure, da sauran zangonninmu daga Sokode har Dapaong, an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar hutu. In amarya ta yi jiki sai a ce miji ya iya kiwo. In ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai a ce harka ta buɗe. Amma kitse in ya yi yawa, musamman na ciki, shi ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya, ya kuma cinye gwiwoyi. Ran da likita ya ce muku ku rage nauyi, kafin ku isa gida kun gamu da mai tallar shayin rage tumbi, ko kuwa an turo muku hotonsa a WhatsApp, ana cewa kilo 5 a mako guda. Kada ku sa hannu aljihu tukuna.

Ku fara sanin ko kuna bukatar ragewar ma. Ku ari awon tela, ku auna cikinku daidai saman cibiya, kuna tsaye, ba tare da kun haɗiye ciki ba. Mace in ta wuce santimita 80, namiji in ya wuce 94, sai a fara lura. In mace ta wuce 88, namiji ya wuce 102, hatsarin ya yi girma. Manomin da ke yini a kunyar doya, cikinsa a shafe, wannan darasi ba nasa ba ne, ya ci tuwonsa ya ƙoshi.

Abin da ke cikin shayin

Ga lissafi mai sauƙi. Kilo 1 na kitsen jiki yana riƙe da ƙarfi kamar na abincin da babban mutum ke ci a kwana 3. Kilo 5 kuwa abincin kwana 15 ke nan. To, yaya za a ƙone abincin kwana 15 cikin kwana 7? Ko mutum bai sa ƙwayar hatsi a baki ba, ba zai yiwu ba. Saboda haka in sikeli ya nuna kilo 5 sun tafi a mako guda, yawancinsu ruwa ne ya fita.

Da yawa daga cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani maganin wankin ciki ne. Wasu kuma an zuba musu maganin sa fitsari. Mutum ya yi ta zawo da fitsari, ciki ya lafa, ya ga kamar ya rame. Kitsen yana nan inda yake. Abin da ya fita shi ne ruwa da gishirin jiki, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Daga nan sai jiri, da ɗaurewar jijiya, da faɗuwar gaba. In aka daɗe ana sha, ƙoda tana wahala, hanji kuma ya saba, har ya ƙi aiki sai da shi. Akwai ma ƙwayoyin da aka rubuta musu "ganye zalla" amma aka gwada aka tarar da wani magani mai suna sibutramin a ciki. Tun 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka, don yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki.

Horon yunwa ma ba ya kai mutum ko'ina. Wata za ta ce ta bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya, sai ruwan zafi da lemun tsami da safe. Lemun tsami ba ya narka kitse, ba sabulu ba ne. Jiki in ya ji yunwa mai tsanani sai ya fara cin tsokarsa, ya kuma rage yawan abin da yake ƙonewa. Bayan 'yan makonni haƙuri ya ƙare, a koma ci kamar da, nauyi ya dawo, sau da yawa har da ƙari. Mai shan maganin sukari kuwa in ya tsallake abinci, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

Gyaran kwano

Ba sai kun sayi abincin Turawa ba. Abin da ake bukata yana babbar kasuwar Sokode, yana kuma bayan gidanku. Ku dubi kwanonku na yau: sakwara ko tuwo kamar tudu, miya 'yar kaɗan a gefe, mai yana yawo a kai. Ku juya shi. Tuwo ko sakwara ko shinkafa su zama kamar dunƙulen hannunku, miyar ganye ta fi su yawa: kuka, kuɓewa, lalo, zogale, yakuwa, da gauta da tumatir. Sannan a sa abin gina jiki, wake, ko ƙwai, ko busasshen kifi, ko awara, ko wagashin Fulani, ko zabo irin na Dapaong in hali ya yi. Wake da shinkafa abinci ne mai kyau in waken ya yi yawa, ba a kuma lafta masa taliya da soyayyen mai ba. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi riƙe ciki a kan farin burodi.

Mai shi ne ɓarawon da ba a gani. Manja ne, man gyaɗa ne, ko man kaɗanya, duk ɗaya ne wajen sa ƙiba. Uwargida ta riƙa auna shi da cokali, ta daina tuttulawa daga kwalba. Ƙosai da soyayyar doya ba haram ba ne, amma kada su zama na kullum safe da yamma.

Sai abin sha. Gwangwanin lemo na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato ƙwaya 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Madarar gwangwani mai kauri ta mai shayi kusan rabinta sukari ne. Ku rage na koko da zoɓo kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. Lokacin mangwaro ku sha ɗaya ko biyu, ba kwando ba. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano.

Ku kuma motsa. Tun da babur ya yawaita, wasu ko kasuwa ba sa zuwa da ƙafa. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta isa farawa.

Da haka nauyi zai riƙa sauka kamar rabin kilo a mako, wani makon ma ba komai. Kada ku raina shi. Mai kilo 90 in ya rage kilo 5 kacal ya riƙe hakan, sau da yawa awon jininsa da na sukarinsa suna sauka. Ku hau sikeli sau ɗaya a wata a asibitin da ya fi kusa da ku, a rubuta muku a kati, a auna jininku a lokacin.

Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, kada su shiga rage abinci sai da shawarar likita ko ungozoma. Wanda kuma yake ramewa alhali bai rage ci ba, balle in da tari na fiye da mako 2, ko zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, kada ya tsaya murna. Ya zo asibiti a gwada majinarsa da jininsa cikin makon nan.